Ɗan da ke ciki me ya sata?

Jama'ar Agege, mu faɗa wa kanmu gaskiya. In ɗan kasuwarmu ya shiga hannun 'yan sanda, kafin la'asar an haɗa kuɗin lauya, an samo mai tsaya masa beli. In mace ce kuwa, sai a yi tsit, wai ta zubar mana da mutunci a idon masu gari. To, in tana da juna biyu fa? Shi ɗan da ke cikinta me ya sata?

Gidan yarin mata na Kirikiri nan yake cikin Legas, ba sai an hau motar Kano ba. Kuma yawancin waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, alƙali bai same su da laifi ba tukuna.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce a yi wa mace gwajin ciki da zarar an kawo ta, a tanadar mata awo da abinci mai gina jiki, a ware wurin renon jarirai. Ƙa'idojin Bangkok na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2010, sun hana a ɗaure mace da ankwa tana naƙuda. Amma takarda ba ta karɓar haihuwa, ungozoma ke karɓa. Hawan jini na masu ciki sai an auna ake gane shi kafin ya zama jijjiga, zubar jini bayan haihuwa kuma ba ya jiran gari ya waye. Yarinyar da ba ta jin Yarabanci, ba ta jin Turanci, da wane baki za ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi?

Wani zai ce ai ita ta jawo wa kanta. Haba malam! Matar nan Bagamidiya da kanta ta zo ta amsa laifinta, Manzon Allah (SAW) ya jinkirta mata hukunci har ta haihu, har ta yaye. Mu mun fi shi kishin addini ne?

Saboda haka muna kira ga fadar Sarkin Hausawa da limamanmu da ƙungiyoyin mata na Islamiyya: a kafa kwamiti. A nemi izini a riƙa kai ziyara duk wata, da ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa. A kai sabulu, zanen goyo, audugar mata da garin kunu. A tuntuɓi FIDA da hukumar ba da lauya kyauta ta Legal Aid Council, dattawa kuma su yarda su tsaya beli. In an haihu, a yanka rago a raɗa suna ran bakwai kamar kowane ɗa.

Kuɗin da muke liƙi da shi a biki ɗaya ya isa wannan aiki. Ranar Juma'a mai zuwa, wa zai fara miƙewa a masallaci ya ɗauko maganar?