Da wane mudu ake auna ribar attajiri?

'Yan uwa, tun ranar 1 ga Janairun 2026 sabuwar dokar harajin da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki. Dokar ta ce naira 800,000 na farko a cikin samun mutum na shekara babu haraji a kansu. A takarda abin ya yi kyau. To amma wa zai auna samun, kuma da wane mudu?

Ma'aikaci albashinsa a rubuce yake, ana zare haraji tun kuɗin bai iso hannunsa ba. Shi kuwa mai sayar da dawa a kasuwar Zuru ba shi da littafi. Mai karɓar haraji ya ga buhuna a rumfa, sai ya kintata. Alhali ciniki daban, riba daban. A ce mutum ya yi cinikin naira miliyan 3 a shekara, amma bayan kuɗin sari da na mota da na dako ribarsa 600,000 ce. Doka ta yafe masa, kintace ya cinye shi.

Attajiri fa? Yana da akantoci. Motarsa da man da yake sha da tafiye-tafiyensa duk sai a zuba su cikin kuɗin gudanar da kamfani, ribar ta ƙanƙance a takarda. Baitulmali ya yi asara, a cike giɓin da tikitin kasuwa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wanda talaka ke biya a katin waya daidai da mai kuɗi. Sannan idan aka zo ƙididdige tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi, sai ta fito 'yar kaɗan, don rabin gaskiyar na ɓoye.

A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, saboda nauyinsu a wuyan talakawa yake. Tikitin da ba ya duba samu ɗan uwansu ne. Dubi zakka: ɗan kasuwa ya ƙiyasta hajarsa in shekara ta zagayo, in ta kai nisabi ya fitar da kashi 2.5 cikin 100, in ba ta kai ba an ɗauke masa.

Don haka samari masu shago da tela da ɗan kabu-kabu, ku sayi littafi ku riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kullum. Kada ku biya ko sisi ba rasit. Hukumar tara haraji ta Jihar Kebbi kuma ta fito fili ta gaya wa jama'a ma'aunin da take kintace da shi. Allah Ya sa mu dace.