Famfon Da Ke Karɓar Umarni Ta Iska

A farkon shekarar 2000 ma'aikatan ƙaramar hukumar Maroochy, a jihar Queensland ta ƙasar Ostareliya, suka rasa gane kan injinansu. Hukumar tana da tashoshi 142 na famfunan tura ƙazanta, kowace da 'yar kwamfuta mai lura da ita, dukansu kuwa suna magana da babban ofis ta rediyon oba-oba. Sai famfo ya tsaya ba wanda ya taɓa shi, ƙararrawar da ya kamata ta kaɗa ta yi gum. Kafin a gano bakin zaren, kimanin lita 800,000 ta ƙazanta ta malala cikin rafuka da wuraren shaƙatawa, har da harabar wani otal.

Ashe wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya kafa na'urorin ne, wanda ya nemi aiki a hukumar bai samu ba. Ya ɗora rediyo da kwamfuta a motarsa, ya sa suna amsa lambar ɗaya daga cikin tashoshin, yana ba famfuna umarni suna bi. 'Yan sanda suka kama shi cikin watan Afrilu, kotu ta ɗaure shi shekara 2 a 2001.

Yadda abin ke aiki ba wuya. Akan sa ma'auni a tanki ko a jikin bututu, ya auna zurfin ruwa, ko ƙarfinsa, ko zafi, ya miƙa wa na'urar sarrafawa. Idan tsakaninta da ofis mil goma ne, ja waya tsada gare shi, ga kuma ɓarayin tagulla, don haka sai a haɗa ta da rediyo. Uwar na'ura a ofis takan kira tashoshin ɗaya bayan ɗaya, kamar malami yana kiran sunan 'yan aji, kowace ta faɗi abin da ta auna. Wani harshe da na'urori da yawa ke ji shi ne Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fito da shi a 1979. A ainihin tsarinsa ba ya tambayar wane ne mai magana. Muddin an kira lamba daidai, an gama. Irin wannan yarda ce ta ci mutanen Maroochy.

Wahalar kafawa kuwa tana bisa sandar eriya. Tilas eriya ta hangi 'yar'uwarta, ko ta yi kusa da haka, domin tudu da gini suna tare saƙo. Injiniyan da ya yi awonsa da rani, sa'ad da itatuwa suka kaɗe, yakan sha mamaki in damina ta faɗi ganye ya rufe hanya. Tsawa ma ba ta ƙyale doguwar sanda, sai an binne mata waya a ƙasa sosai. Ƙurar hunturu kuma ta lulluɓe farantin hasken rana, batir ya mutu cikin dare, tasha ta yi shiru.

Sa'an nan ga batun mita. A Nijeriya hukumar sadarwa ta NCC ce ke ba kamfanonin sadarwa lasisin mita. Zangon 2.4 GHz ba ya neman mitar kai, amma cinkoso gare shi, don Wi-Fi na kowa a nan yake. Mitar ƙasa-ƙasa ta fi cin nisa.

Sababbin tsare-tsare sun gyara ɓarakar. WirelessHART, wanda ya fito a 2007, yana kulle kowane saƙo da mabuɗin sirri, sabuwar na'ura kuwa ba ta shiga sai ta nuna nata. To, amma mabuɗi a hannun mutum yake, ya kamata a sake shi ran da ma'aikaci ya bar aiki. Akwai kuma tambayar da mai ba da kwangila ya cancanta ya yi tun kafin ya sa hannu: idan rediyo ya katse, me famfon zai yi? Na tankin ruwan sha gara ya tsaya in tanki ya cika, ko ofis bai ce kome ba. Na ƙazanta kuwa dole ya ci gaba da bin ma'auninsa har saƙo ya dawo.