Ɗan Robar Raket Ba Ya Maganin Ciwon Gwiwar Hannu

Kwanakin baya wani ɗalibina da ya yi nisa a wasan tanis, har yana burin shiga gasar Dala da ake yi a Kano, ya same ni a ofis yana dafe da gwiwar hannunsa ta dama. Ya ce, "Malam, na sayi ɗan robar nan da ake maƙala wa tsarkiyar raket, amma ciwon ya ƙi barina." Na ce masa da ma ba zai bar shi ba, domin an ɗora wa robar aikin da ba nata ba.

Bari mu duba abin da ke faruwa a lokacin bugu. Nauyin ƙwallon tanis kamar giram 58 ne, kuma haɗuwarta da raket ba ta wuce kimanin kashi biyar cikin dubu na sakan ɗaya. Wannan ɗan karo yana haifar da girgiza iri biyu. Ta farko ta tsarkiya ce, mai kaɗawa wajen sau 500 a sakan, ita ce ƙarar da kunne ke ji. Ta biyu ta jikin raket ɗin ce, tsakanin sau 100 da 200, kuma ita ce ke bin ƙota ta shiga hannu. To, robar nan 'yar giram kaɗan tana kashe ta farko, kamar yadda mai molo ke ɗora yatsa a kan tsarkiya ta yi shiru. Amma ina ƙarfinta na tsayar da raket mai giram 300? A 1999 masana a Amurka sun toshe kunnuwan 'yan wasa, suka kuma hana su ganin raket ɗin, sai aka tarar da roba da babu roba, abin da hannu ke ji ɗaya ne. Watau kunne ne ke samun sauƙi. Ba na ƙin robar, wanda yake son taushin sautinta ya sa abinsa. Abin da nake ƙi shi ne a sayar da ita da sunan kariya.

A matsayina na malamin ilmin halittu, ciwon kansa ya fi jan hankalina. Tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu suna manne da ƙashin gwiwar hannu ta gefen waje, ta hanyar wata siririyar jijiya. Duk lokacin da aka matse ƙota aka yi bugu, sai an fizgi wannan jijiya, musamman a bugun bayan hannu idan wuyan hannu ya lanƙwashe. A da an ɗauka kumburi ne kurum. Yanzu an gane cewa ƙananan yagewa ne ke taruwa, jijiyar tana lalacewa fiye da yadda jiki ke iya gyara ta, ga shi kuwa jini kaɗan ke isa wurin, shi ya sa warkewa kan ɗauki watanni.

Wani likita a Ingila, Henry Morris, ya danganta ciwon da tanis a 1882, kuma sunan ya bi shi har yau. Sai dai sunan na ruɗarwa, domin mafi yawan masu fama da shi ba su taɓa riƙe raket ba. Mai karatu ya leƙa nan Dundaye ya ga manoman fadamar Rima da fartanyarsu, da masu faskare, da maƙera, da iyayenmu mata masu yini da taɓarya. Jijiyar da ke wahala a filin wasa ita ce ke wahala a hannunsu. Mai faskare ma ya riga mu sanin wannan kimiyya: in kaifin gatari ya sauka daidai, hannu ba ya jin komai, in kuwa ƙota ce ta doki icen, zafin sai ya kai kafaɗa. Haka ƙwallon da ta sauka a gefen raket take murɗe hannu.

Ɗalibin nawa kuwa, na ce ya sassauta ɗaurin tsarkiyarsa, ya bar raket mai tsananin tauri da rashin nauyi, ya daina matse ƙota kamar za a ƙwace masa, ya kuma nemi mai horarwa ya gyara masa bugun bayan hannu. Kafin duk wannan, ya huta, ya je ya ga likita. Da ya tambaye ni ko ya cire robar, sai na ce ya bar ta, tunda ya riga ya biya kuɗinta.