Zauren Iyali: Nonon Bakwaini da Zumuntar Shayarwa



Jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 shi muke kira bakwaini. Nonon uwa ne maganinsa na farko, domin yana kare hanjinsa daga mummunan kumburin da ya fi kama waɗanda ake ba madarar gwangwani. Idan bai iya tsotso ba tukuna, uwa ta wanke hannu, ta tatsa kamar sau 8 dare da rana, a ba shi da ƙaramin kofi. Kada mu zubar da daƙashi. In ya fara kama mama, ta haɗa cikinsa da nata, ya buɗe baki sosai, haɓarsa na taɓa nonon.

To, idan uwa ta rasu ko nononta ya ƙafe fa? Shayar da ɗan wata ba baƙon abu ba ne gare mu, Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah (SAW). Sai dai a mazhabar Malikiyya, nonon da ya isa cikin yaro a shekaru biyun farko, ko da da kofi ne, yana haramta aure. Gudun cakuɗewar zumunta ya sa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Jidda ta hana kafa rumbun nono a 1985.

Shawararmu ita ce mace sananniya ta bayar, likita ya auna jininta, a rubuta sunayen gidajen biyu a gaban shaidu. Ta haka mun ceci rai, mun kuma kiyaye shari'a.

Allah ya raya mana zuri'a.