Na'urar da ke jin tsagewar gada: me za ta yi wa Arewa?

A watan Satumban 2018, gadar kogin Sota da ke kusa da Malanbil a ƙasar Benin ta karye, manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Gaya suka yi cirko-cirko. Makonni uku kafin nan, gadar Morandi ta ruguje a birnin Genoa na Italiya, mutum 43 suka mutu. Irin waɗannan haɗurra ne ke sa injiniyoyi neman hanyar da za a gane gini ya gaji tun bai faɗi ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake gwadawa ita ce wata 'yar ƙaramar eriya, wadda wasu ke kira anten. Faifai ne siriri na tagulla da ake mannawa a jikin ƙarfe ko kankare. Idan ƙarfen ya miƙe ko ya tsage, faifan ma yakan miƙe, sai zangon da yake amsa saƙon rediyo a kai ya ɗan gusa. Ma'aikaci ya zo da na'urar karantawa, ya auna gusawar, ya san nauyin da wurin yake sha. Ba waya, ba batir. Masu bincike a jami'o'in Amurka, irin su Georgia Tech da jami'ar Texas ta Arlington, sun shafe shekaru a kan wannan aiki.

Rashin batir ɗin shi ne abin da ya dace da Nijar, inda na'ura takan mutu ranar da batirinta ya ƙare. Amma da sauran rina a kaba. Dole mai karantawa ya matso kusa, 'yan mitoci kaɗan. Zafi kuma yana canza halin abin da aka shimfiɗa tagullar a kai, har na'urar ta nuna miƙewar da babu ita. A yankin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, sai an gwada kayan a nan kafin a yarda da sakamakon ɗakin gwaji.

Ko an shawo kan wannan, abin da ke cin hanyoyin Arewa daban ne. A Geceme da sauran garuruwan Dallol Mawri, cikin gundumar Tibiri, ƙasar yashi ce kuma ruwa yana kusa. Ƙananan kadarko ba kasafai suke tsagewa daga sama ba. Ruwan kwari ne ke kwashe yashin ƙarƙashinsu cikin dare guda, kankaren na nan lafiya lau har ya zube. Eriyar da ke jikin kankare ba za ta ga wannan ba. Haka gidajen laka: a daminar 2024, wadda ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, tsohon masallacin Damagaram ma ya faɗi, kuma ruwa ne ya jiƙa shi.

Saboda haka wurin wannan fasaha shi ne manyan gadoji, kamar ta Gaya zuwa Malanbil da gadar Kennedy ta Yamai da aka buɗe tun 1970. Geceme kuwa abin da take buƙata ya fi sauƙi: ma'aikacin da zai leƙa ƙarƙashin kowane kadarko bayan ruwa mai ƙarfi, da kuɗin duwatsu da siminti a kasafin ƙaramar hukuma kafin watan Yuni.