Lasifika Ba Kayan Jere Ba Ce

A shiga ɗakin amarya a Ƙaura Namoda ko Shinkafi, a dubi inda aka ajiye hom-tiyatar da iyaye suka sha wuya kafin su saya. Lasifika biyar da uwarsu mai gurnani, duk an jera su ƙarƙashin talabijin kamar kwanukan jere. An biya kuɗin shida, ana jin aikin ɗaya.

Mu da muke cin abinci da kwamfuta mun san na'ura ba ta karanta niyya, inda ka ajiye ta nan za ta yi aiki. Tsarin da ake kira 5.1 yana da ƙa'ida tun 1992, lokacin da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da shi. Lasifikar tsakiya, mai ɗauke da maganar 'yan wasa, ta fuskanci mai kallo. Ta hagu da ta dama su buɗe digiri 30 kowacce, biyun baya su zauna wajen digiri 110, wato gefe da ɗan baya, duka daidai tsayin kunnen mai zaune. Mai gurnani ce kaɗai ke da 'yancin yawo, don kunne ba ya saurin gane inda sauti mai kauri ya fito. Ko ita, in aka cusa ta a kusurwa, sai ta kumbura ta haɗiye magana.

Na amarya asarar kuɗi ce kawai. Wanda ya dame mu shi ne gidan kallon ƙwallo. Rumfar kwano, benci goma, lasifika biyu manya a gaba. A fili, duk sanda nisa ya ninka, sauti yana raguwa da desibel 6. Don na bencin baya ya ji, sai a murɗe ƙara har ƙarshe, kuma wa ke zaune a gaba? Yara. Ma'aunin kare ma'aikata ya ce desibel 85 awa takwas ne iyakarsa, desibel 100 kuwa minti 15. Wasa ɗaya minti 90 ne. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in suka mutu ba sa sake tsirowa.

Masu gidajen kallo za su ce waya tsada, kuma ƙara ce ke kiran 'yan kallo. Waya mita ashirin ba ta kai man janareta na mako ba. A ɗaga manyan sama da kai, a karkato su ƙasa, a ƙara ƙanana biyu tsakiyar rumfa, a rataya tabarmi jikin kwano don su shanye amsa-kuwwa, sannan a rage ƙarar.

Batun kiran 'yan kallo kuwa, a tuna inda muke. Daga Zurmi har Shinkafi, kunne ne mai gadi da dare. Mutum ɗari a rumfa ɗaya, janareta na ruri, lasifika na ihu, ko babura hamsin suka shigo gari babu mai ji.