Kasko a hannun moto

Kullum in za ni jami'a sai na ga ƴan kabu-kabu da kasko rataye a hannun moto. Da an hango ɗan sanda a mararraba sai a kifa shi bisa kai, ko igiyar haɓa ba a ɗaure ba. Wa ake karewa ke nan, kai ko aljihu?

Ni da ke karatun harshe, har sunan nan "hular kwano" yana ba ni haushi. Da aka tilasta sa ta a Najeriya farkon 2009, wasu ƴan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka. Tara suke tsoro, ba kwalta ba.

Masu cewa a ƙara amandi, na ji ku. Amma amandin da ake sasantawa da dala ɗari a bakin titi bai taɓa hana ƙwaƙwalwa zubewa ba. A Kigali ɗan kabu-kabu kasko biyu yake ɗauka, nashi da na fasinja, kuma ba wasa. Mu nan fa? Uwa da goyo a baya, kai ba komai sai kallabi, ba mai tsayar da moto saboda ita.

A cire kuɗin duwan a kan kasko na gaske, a hana shigo da robar da ke tsagewa in ta faɗo daga benci. Kada a sayar da moto sai da kasko biyu, a kuma kama mai sakin igiya kamar wanda bai sa ba.